Injina Mai Fetur, Naka Mai Batir

Unguwar Shanu, Kaduna.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya kai ka Abuja lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya sauke ka a hannun mutanen kirki. Amin.

Na ce wa uwarka ta cusa takardar nan a ƙasan jakarka, ta kuma gaya maka kada ka buɗe sai motarku ta haye kogi. In tun kuna tashar Mando ka buɗe, to ka saɓa mini, ninke ta ka mayar.

Ka san ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Rubutun da kake gani hannun maƙwabcinmu ne, Malam Bitrus, wanda ya koyar da kai a firamare. Amma bakin nawa ne. Mun yi sharaɗi da shi, abin da na faɗa shi zai rubuta, ba ragi ba ƙawa. Ya ce, "Sale, ko zagi ne?" Na ce ko zagi ne. Ya ce to Allah ya ba shi ladan zama da kurma. Muna kan benci ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida, wadda kai ka rage mata rassa watan jiya, kuma har yanzu ina nan a kan bakana, ka zarce a ɓangaren gabas.

Ba labari zan ba ka ba. Gidan da ka baro da safe yana nan yadda ka bar shi. Akwai dai maganar da na kasa faɗa maka ido da ido, kuma sai na bi ta nesa kafin in iso ta. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe.

Abba, ba na son injinka na yankan itace. Gara in faɗa tun a farko. Tun ranar da Injiniyan nan mai kwangilar kula da bishiyoyin manyan gidaje a Abuja ya ba ka shi ka saba da shi kafin ya gwada ka, ka shigo da shi gida cikin akwati kamar kayan lefe, zuciyata ba ta kwanta ba. Ka ajiye shi a tsakar gida, ka cusa batir, ka matsa da yatsa ɗaya, sarƙa ta kama gudu. Ba jan igiya, ba tari, ba hayaƙi. Uwarka ta matso ta taɓa shi ta ce, "Ikon Allah, ashe ana yin marar wari." Shekara talatin da wani abu matar nan tana wanke mini riguna masu warin fetur da baƙin mai, ba ta taɓa cewa uffan ba, sai ranar. Na ce mata abin wasan yara ne, reza ce aka sa wa mariƙi. Ka yi dariya. Ni ba wasa nake ba.

Kuma ba injin kaɗai ba, har da mai shi. Wata biyu ba a gama cin tuwo a gidan nan ba tare da an ji "Injiniya ya ce" ba. Injiniya ya ce a unguwannin can ba a son ƙara. Injiniya ya ce a sa hular kwano. Injiniya ya ce kaza. Ni da na ɗora maka inji a hannu tun kafin gemu ya fito maka, ban tuna ranar da na ji ka ce wa wani "Baba ya ce" ba. Ran nan wata mata ta zo tana tambaya a layinmu, ina ne gidan Mai Batir? Gidan nan Sale Mai Inji aka san shi da shi tun unguwar nan ba ta cika ba, tun ana ganin fili daga nan har bakin titi. Na ce mata ban san shi ba. Malam Bitrus ne ya nuna mata ƙofa, ga shi nan yana dariya yana rubutawa.

To, abin da nake ji ɗin nan na san sunansa, ƙyashi ne. Na san shi domin na taɓa ganinsa a fuskar wani, kuma ni na sa masa shi.

Kakanka, wanda ka ci sunansa, da gatari ya ciyar da mu. Ba ka riske shi ba. Mutum ne gajere, marar yawan magana, tafin hannunsa kamar bayan kunkuru. Yana da al'ada guda da ba ya tsallakewa. Kafin ya sa wa bishiya ƙarfe, sai ya zagaya ta sau uku. Zagaye na farko yana kallon sama, ina ta karkata, ina nauyin rassa yake, akwai zuma ko babu. Na biyu yana kallon ƙasa, ina katanga, ina rijiya, ina shi zai gudu. Na uku sai ya juya gatari, ya riƙa ƙwanƙwasa gindin da ƙeyarsa, ya kara kunne. Lafiyayyar bishiya amsarta gajeriya ce, ƙwal. Wadda cikinta ya ruɓe sai ta amsa kamar ganga. In ya gama sai ya ɗaga murya sau uku, "A kauce! A kauce! A kauce!" ko da ba kowa a wajen sai akuya.

Ni kuwa na tafi Rigachikun wajen wani mai katako, na koyi inji mai fetur, na dawo da nawa a kafaɗa, kaina ya fi shi girma. Aka kira kakanka ya sare wata bishiyar malaina a bayan masallacin layinmu. Ya fara tun da hantsi. Na zo na tsaya ina kallo, mutane suna kallona ina kallonsa. Na ce, "Baba, matsa in rage maka wahala." Ya ce, "Bar ni, na kusa." Bai kusa ba. Na ja igiya a bayansa, ƙara ta tashi, yaran unguwa suka sheƙo a guje. Kafin ya goge zufa malaina tana ƙasa. Aka yi ta tafi. Da ma a nan na tsaya. Sai na ɗauki gatarinsa na ɗaga sama na ce, "Wa ke son na faskare?" Aka kwashe da dariya.

Bai zage ni ba. Ya karɓi gatarinsa, ya share bakin da gefen riga, ya tafi gida. Ban sake ganin ya sare bishiya ba. Duk sanda na dawo daga aiki sai ya ce injina yana ƙona itace, katakon inji ba ya daɗewa, hayaƙinsa yana korar albarka. Ni a lokacin ina cewa tsufa ne. Yanzu da na ji bakina yana ce wa naka reza, na gane muryar wa ke fita.

Don haka ka ji, can inda za ka za ka tarar da dattawa masu inji irin nawa, da masu adda, da masu tsani na gora. Kada ka matsa injinka a bayan wani yana cikin aikinsa. In ka fi shi sauri, fi shi a wajen da ba taro. Kada ka taɓa ɗaga kayan aikin mutum sama don a yi dariya. Na nemi gafarar kakanka a kan abubuwa da dama kafin ya rasu, amma wannan ban ambata ba, kunya ta hana ni, kuma ga shi har yau yana zaune a ƙirjina.

Da na samu inji na watsar da zagaye ukun nan. Ina da sauri, me zan tsaya ƙwanƙwasawa kamar mai neman aljani? Sai wata rana aka kira ni wani tsohon gida a Unguwar Rimi, maɗaci ne babba, mutum biyu ba sa rungume shi. Na yanka masa baki ta inda nake so ya faɗi, na zagayo ta baya, na sa ƙarfe. Ashe cikinsa kogo ne, ɓawo kaɗai ke riƙe da shi. Bai bi bakin da na yanka ba. Ya tsage a tsaye, gindin ya harbo baya, ya rushe katangar mutane, ya murƙushe mini ƙafar hagu. Ɗingishin da ka taso ka gan ni da shi ke nan. Na gaya muku faɗuwa na yi daga babur. Ƙarya ce. Bugu uku da ƙeyar gatari da sun gaya mini gaskiyar maɗacin nan. Tun daga ranar na koma wa al'adar kakanka, na kuma koya maka ita ba tare da na gaya maka dalili ba. Ga dalilin yau. Injinka ya fi nawa saurin tashi, saboda haka ya fi nawa saurin kai mutum ga kuskure. Ni kafin nawa ya tashi sai na gauraya mai, na duba fulogi, na ja igiya, ko ban so ba na samu lokacin kallon bishiya. Kai yatsa ɗaya ne tsakaninka da yanka. Lokacin nan da inji ba ya ƙwace maka, kai ka ƙwace shi da kanka. Zagaya. Ƙwanƙwasa. Ko Injiniya yana tsaye yana duba agogo.

Sai maganar kunne. Malam Bitrus ya ce in taƙaita, na ce biro nasa ne, magana tawa ce.

Ina son ƙarar injina, ba zan ɓoye ba. In na tayar da shi a Unguwar Shanu, ana ji har Abakwa, kowa ya san Sale yana aiki. Mai katako ya taɓa ba ni wani abin toshe kunne, na rataye shi a ƙusa. Na ce ni ba mace ba ce. Uwarka ta ce ko auduga in riƙa cusawa, na ce ta kula da tukunyarta. Yau kunnen dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu saura kaɗan, cikinsu kuwa kullum kamar ana kiɗan gyare. Kiran salla sai in ga mutane sun miƙe. Ranar da ƙanwarka ta haihu aka miƙo mini jaririya, ina ganin bakinta a buɗe, fuskarta ta yi ja, ban ji komai ba. Na ce, "Yarinyar nan ba ta kuka?" Mata suka kalli juna. Ga hannuwana kuma, kofin shayi sai na riƙe da biyu, girgizar inji ta zauna a cikinsu ta ƙi fita.

Kai za ka tsufa da kunnenka. Za ka ji kukan jikokinka. Wallahi ina maka murna, kuma wallahi ina jin zafin abin, duka biyun a lokaci guda. Me ya sa ba a ƙera shi a zamanina ba? Da wataƙila ma na ƙi shi, na san halina.

Amma ka lura, shirun nan yana da nasa sharri. Ƙarar injina ita ce mai shela ta. Kafin in taɓa itace, uwaye sun janye 'ya'yansu, mai talla ya canja hanya, kaji sun watse. Naka wanda ke bayan katanga bai san ana yanka ba sai reshe ya sauko masa. Saboda haka "A kauce" ɗin kakanka ta fi wajaba a kanka fiye da yadda ta wajaba a kaina. Ka faɗe ta da ƙarfi sau uku, ko masu gidan za su ce kai ɗan ƙauye ne. Kuma tunda Allah ya ba ka injin da bai rufe maka kunne ba, yi amfani da kunnen. Itace yana magana kafin ya karye, yana ƙara ƙasa-ƙasa. Ni sai na kashe inji nake ji, daga baya ma ko na kashe ba na ji. Kai kana iya ji kana cikin yanka. Wannan ma ina ƙyashinsa.

Kada kuma rashin nauyinsa ya ruɗe ka. Na gan ka ran nan ka miƙa shi da hannu ɗaya sama da kafaɗarka, ɗayan hannun yana riƙe da reshe. Nawa nauyinsa ba ya barin mutum ya yi wannan wautar. Sarƙar naka ba ta san batir ke juya ta ba, nama ɗaya take ci da tawa. Hannu biyu. Kada ka yanka da kan hancinsa, zai harbo maka fuska. Man sarƙa kada ya ƙare don ka ga ba ka zuba fetur. Kada ka bar batir a rana.

Kuma kada wani ya ce maka nawa ya gama yayi. Kawo gindin maɗaci irin wanda ya karya ni, ka sa naka, mu ga inda zai kai. Nawa in dai akwai mai a galan, daga safe har la'asar yana ci, a daji ko a gari, bai san ana ɗauke wuta ba. In mai zai ƙare masa sai ya yi tari, ya canja murya, ya ba ka sanarwa kamar mutumin kirki. Naka ba sallama, tsit kawai, a tsakiyar itace.

To, na iso inda nake ta kewayewa. Malam Bitrus ya ajiye biro ya ce, "Sale, ka tabbata?" Na ce rubuta.

Ka tuna ranar Alhamis ɗin nan, jajibirin ranar da Injiniya zai gwada ka a Mando. Kwana biyu ba wuta a unguwa, sai bayan azahar aka kawo. Ka jona batirinka a ɗakina, domin a nan ne soket mai kyau yake, ka tafi Rigachikun gaisuwar rasuwa. Ka ce, "Baba, don Allah a bar shi ya cika." Na ce to.

Na zauna ina kallon 'yar fitilarsa tana ƙyaftawa. Abba, ni na zare shi. Ba wuta aka ɗauke da wuri ba. Wuta ta kai har gab da magariba. Ni na miƙa hannu na zare cajar, na jona rediyo a gurbinta. Uwarka ta leƙo ta gani. Ta ce, "Malam, batirin yaron nan fa?" Na ce labarai zan ji. Ta dubi rediyon ta ce, "Ai ba ka ma kunna ba." Na ce ta fita mini daga ɗaki. Da aka ɗauke wuta na mayar da cajar yadda ka bar ta.

Ka dawo ka danna, fitila biyu suka kama cikin huɗu. Ka ce, "Kai, masu wutar nan!" Na ce, "Ai haka suke, ba su da tsoron Allah." Har na taya ka zaginsu.

Ga abin da na shirya a raina. Na ce za ka ga bai cika ba, ka zo ka durƙusa ka ce, "Baba, ara mini naka." Na riga na wanke fulogi, na gauraya mai, na wasa sarƙa haƙori bayan haƙori. In ka je da shi, Injiniya zai ji yadda inji yake kuka, ya san gidan da ka fito. Iyakar abin da nake so ke nan, ka roƙe ni abu ɗaya. Na zauna a bencin nan da safe, injin yana gefena cikin buhu, ka fito da akwatinka, ka gaishe ni, ka ce in yi maka addu'a, ka wuce. Ko kallon buhun ba ka yi ba.

Sai na ɗauki buhun, na tari keke napep na bi ka. Sauran ka sani, amma ba ka san yadda na gan shi daga ƙasa ba. Gidan wani tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ga mangwaro ya miƙa babban reshe a kan rufin ɗakin kwana. Na iso ka gama da ƙananan rassa, ka ɗaure babban da igiya, ka shiga cikinsa ya fi rabi. Sai tsit. Ka matsa, ka sake matsawa. Reshe ya buɗe baki, yana lilo a kan kwanon mutane, kai kana zaune a gindinsa.

Ka san abin da na ji a daidai lokacin? Daɗi. Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Na diro daga keke da ɗingishina ina cewa, "Ai na faɗa! Ku matsa, ga inji ya zo!" Na zare shi daga buhu a gaban Injiniya da mai gida da matarsa, na taka shi, na ja igiya. Shiru. Na sake ja. Shiru. Gaggawa ta sa na shaƙe shi da mai, abin da ko sabon shiga ba ya yi. Na ja har hulata ta faɗi. Matar gidan ta ce, "Sannu Baba, a kawo ruwa?" Mai keke kuwa, ɗan banza, cewa ya yi, "Baba, ko mu tura shi ne?"

Sai na ga bakinka yana motsi daga sama. Ban ji ba, mai keken ne ya maimaita mini a kunnen hagu: "Ya ce ka bar shi, ka ja mutane baya." Ka sa aka ɗauro maka zarton hannu, ka ƙara igiya ta biyu, ka ƙwanƙwasa reshen ka kara kunne, ka ɗaga murya sau uku. Wannan kam na ji ta. Ka yi ta gurzawa da hannu, rana ta take, rigarka ta jiƙe. Da ya saki bai sauka a miƙe ba, ya yage, ya juyo. Ya kwashe maka fata daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Tsakaninsa da fuskarka bai kai taƙi ɗaya ba. Ina tsaye a ƙasa da igiyar injina a hannu. Daɗin nan da na ji ya koma mini wani abu da ban san sunansa ba, na zauna a kan buhu.

Ka sauko jini yana ɗiga, kwanon mutane ko ƙwarzane babu. Injiniya ya ce ya ɗauke ka, wai inji kowa yana iya matsawa, shi natsuwa yake nema. Ya tambaye ka wa ya koya maka ƙwanƙwasa reshe da ɗaura igiya ta biyu. Ka nuna ni da hannun nan mai jini ka ce, "Babana." Ya zo ya kama hannuna da nasa biyu yana jinjinawa. Wata biyu ina jiran in ji ka ambace ni a gabansa, sai ga shi ka ambace ni a ranar da na fi cancantar a tofa mini yawu.

Tun ranar uwarka take ajiye mini abinci ba magana. Shekaranjiya tana ɗaure maka kaya ta ce, "Malam, ko ka gaya masa kafin ya tafi, ko ni in gaya masa." Na ce zan gaya maka. Na kira ka sau biyu, sau biyun na ga tabon nan na ce ka miƙo mini buta.

Shawarar da ke cikin wannan ba ta da yawa. Kada ka fara yankan da ba ka tabbata batirinka zai gama ba. Fitila biyu ba ta babban reshe ba ce, ko wa ke kallo, ko aikin zai kuɓuce. Gara ka sauko ka ce gobe. A nan kai ma ka yi ganganci, zan faɗa ko da ni ne na haƙa maka ramin. Ka sa Injiniya ya ba ka batir na biyu. Zarton hannu kada ya rabu da ƙugunka. Kuma abin da ranka ya rataya a kansa, kada ka bar wa kowa tsaronsa, ka duba da idonka. Tunda uban da ya haife ka ya iya zare maka caji, ban san wanda zan ce ka amince wa ba.

Wata rana kai ma wani zai shigo maka gida da abin da ya fi naka, wataƙila ɗanka. Za ka ji abin nan ya taso maka daga ciki, ya yi maka ɗaci a baki. Kakanka da ya ji shi, ya share gatarinsa ya zauna, bai cuci kowa ba. Ni da na ji shi, na miƙa hannu. In ya zo maka, ka yi irin na mai sunanka.

A cikin takardar nan za ka ga wani abu naɗe a tsumma. Magagari ne na wasa sarƙa. Na so in ba ka nawa, wanda ya daɗe a hannuna. Ran nan kana wanka na buɗe akwatinka na gwada shi a haƙoran sarƙarka, ya ƙi shiga, ya yi kauri. Ko magagarina ma injinka bai karɓa ba. Sai na je kasuwar Kawo na nemi siriri. Mai shagon ya san ni tun da daɗewa, ya ce, "A'a, Mai Inji, wannan ai na 'yan batir ne. An tuba ke nan?" Na ce ya ba ni kaya ya riƙe bakinsa. Mariƙin ni na sassaƙa shi, daga reshen mangwaron nan ne, na tsinci guntunsa ranar na sa a aljihu. Wasa yana nan yadda na koya maka, daga ciki zuwa waje, kowane haƙori adadi ɗaya. Sarƙa mai kaifi ba ta shan batir da yawa, wannan ba sai Injiniya ya gaya mini ba.

Abba, ka yafe mini. Ban iya faɗa da baki ba, ga shi a rubuce da hannun shaida. Kada ka kira ni a waya a kan maganar nan, ba zan ji ba, kuma ba na son uwarka ta riƙa maimaita mini da ihu har maƙwabta su sani. In ka zo da salla ka taho da magagarin. In na ga haƙoransa sun cinye, na samu amsata. In na gan shi sabo fil yadda na naɗe shi, ita ma amsa ce, kuma ba zan ce ka zalunce ni ba.

Allah ya yi maka albarka. Allah ya tsare hannunka da idonka da kunnenka, ya sa duk bishiyar da ka hau ka sauko da ƙafafunka. Allah ya haɗa ka da Injiniya a kan alheri, na faɗa, Malam Bitrus shaida ne, ko da yake sai da na haɗiye yawu. Ka riƙe salla. Uwarka tana sa maka albarka. Malam Bitrus ya ce Ubangiji ya kiyaye fitarka da shigarka.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Sale Mai Inji.

Na sa Malam Bitrus ya ƙara wannan a ƙasa. In za ka zo, ka taho da injin ma, cike da caji. Akwai wani busasshen reshe a dalbejiyar nan ta ɓangaren yamma da ka manta. Ina so in matsa injin sau ɗaya da yatsana in ji yadda yake. A cikin gida za ka fara nuna mini, a rufe ƙofa, kuma kada uwarka ta tsaya kallo.